Neman shawara: in bar ginin zamani in koma karatun gyaran tsofaffin gine-gine?

Birkila92: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 6 ina aikin gini, bulo da siminti. Yanzu na samu gurbin digirin koyon sana'a na shekara 3 a fannin adanawa da gyaran gine-ginen tarihi. Mahaifina ya ce wanda ya iya ɗora bulo me zai je nema a wajen gyaran kango? Ni ma dai zuciyata ta rabu biyu. Akwai abin da zan ƙaru da shi, kuma ana samun aiki bayan an gama?

Malama Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaida Baba, amma a nan ban bi bayansa ba. Abu na farko da za su raba ka da shi shi ne simintin da ka saba da shi. Tsohon bango na dutse, jan bulo ko ƙasa yana shan danshi ya kuma fitar da shi. In ka yaɓa masa siminti ka toshe hanyar. Ruwan sai ya nemi fita ta jikin bulon, ya bar gishiri a ciki, gishirin ya bushe ya riƙa ɓantare fuskar bangon. Shi ya sa ake amfani da kwaɓin farar ƙasa (laim) a maimakon siminti: ta fi bulon taushi, ita ce za ta lalace a sake ta, bulon ya tsira. Sai dai tana ɗaukar makonni kafin ta yi ƙarfi, don daga iska take jan abin da ke ƙarfafa ta. Mai gaggawa ba ya jimawa a wannan aiki.

Za ka kuma koyi awo da zana gini yadda yake, da bin sawun ruwa daga rufi zuwa harsashi kafin ka taɓa tsaga ko ɗaya. Yawancin ɓarnar da na gani daga indararo da ya toshe ta faro.

Abu Kafinta: Ɗan'uwa, batun aiki kada a ruɗe ka. Kwangila ce, yau akwai, gobe shiru. Amma ƙwararru ba su da yawa. Da cocin Notre-Dame na Faransa ya ƙone a 2019, sai da aka nemo kafintocin da suka iya sassaƙa katako da gatari irin na dā, aka sake buɗe shi a Disamban 2024. Kada dai ka yar da sana'arka ta yanzu, ita za ta riƙe ka tsakanin kwangila da kwangila.

Ummu Hanan: Ni ta ɓangaren takarda na shigo fannin, kuma na sha wuya a hannun magina, har dariya suke yi mini in na riƙe cokalin gini. Kai kana da abin da na rasa. Abin da za ka tarar sabo shi ne ƙa'ida. Yarjejeniyar Benis ta 1964, wato ƙa'idojin duniya na gyaran gine-ginen tarihi, ta tanadi cewa gyara ya tsaya daidai inda kintace ya fara, kuma abin da aka maye ya zama ana iya bambanta shi da na asali. Wato ba a son ka "ƙawata" gini, komai ƙaiƙayin hannunka. Kafin ka biya kuɗin makaranta ka tambaye su: wata nawa ɗalibi ke yi a wurin aiki na gaske, kuma su waye ke koyar da aikin hannu? In duk a aji ne, ka haƙura da su.

Malama Injiniya: Ƙari a kan nata. Hubbaren Timbuktu 14 da aka rusa a 2012, maginan garin ne suka sake gina su zuwa 2015, da taimakon UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Hannu aka nema.

Birkila92: Allah Ya saka da alheri. Na kira makarantar, sun ce wata 9 ake yi a wurin aiki, kuma in kawo hotunan gine-ginen da na yi. Yaya Injiniya, bayaninki na siminti zan kai wa Baba daren nan, don akwai wata katanga da na yaɓe shekara 2 da suka wuce, tuni ta fara zubar da fata.