Shawarwarin iyaye mata kan rage wa kai wahala

A wata hira da iyaye mata masu aiki suka yi, abin da aka fi nanatawa shi ne tun da dare ake shirya safiya. A goge kayan makaranta, a zuba littattafai a jaka, a jera takalma a bakin ƙofa kafin a kwanta. Wata ta ce neman safa ƙafa ɗaya ya sha makarar da ita, har ta gaji ta sayo wa yaran safa iri ɗaya, kowace ta shiga da kowace. Ni kam wannan dabara ta burge ni.

An daɗe kan girki. Yawanci sun goyi bayan a dafa da yawa a ƙarshen mako, a rarraba a robobi a sa a firiji. Sai dai an ja kunne: kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, na firiji kuma a cinye shi cikin kwana 3 zuwa 4.

Miƙa wa yaro waya don uwa ta samu sarari ya jawo musu. Wata ta tunatar cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a bar 'yan ƙasa da shekara 2 suna kallon waya ko talabijin, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a rana.

Sauran a gurguje aka taɓo: ɗan shekara 4 zai iya kwashe kayan wasansa, maigida ya karɓi kai yara makaranta, wanki kuma a tsayar masa rana.