Tambaya kan layin lamba, yarona na shirin BEPC

Wata uwa daga Garwa:
Salamu alaikum malamai. Yarona yana aji na ƙarshe kafin BEPC, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, an ba shi -2x + 3 > 7 a ce ya zana amsar a layin lamba. Ya samu x > -2, malaminsu ya ja masa jan biro. Ni tun barina makaranta ban sake taɓa lissafi ba, sai na kuɗin kanti. Ina matsalar take?

Malamin lissafi, Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ya cire 3 daga kowane ɓangare, saura -2x > 4. Sai a raba da -2, kuma nan ne tarkon: idan aka raba da lambar da ke ƙasa da sifiri, dole alamar > ta juya. Amsa ita ce x < -2. Ki sa ya gwada da 0: -2 sau 0 a ƙara 3 ya ba da 3, kuma 3 bai fi 7 ba. Ya gwada -5, zai samu 13. Kenan amsar tana hagun -2.

Ɗalibi daga Injamena:
Ƙari kaɗan Malam. Littattafan Najeriya suna sa ɗan da'ira marar ciko a kan -2, don -2 ɗin ba ya cikin amsa. Mu nan tsarin Faransa muke bi, ƙugiya ake sawa, wato alamar [, ta juya wa amsar baya: ]-∞, -2[, ma'ana duk lambobin da ke ƙasa da -2. Wasu malaman ma ɓangaren da ba amsa ba suke cike wa da zane, to ya tambayi nasu.

Uwar:
Allah ya saka da alheri. In amsar ta zo da alamar ≤ fa, wato ƙasa da -2 ko daidai da shi?

Malamin:
Sai ƙugiyar ta rungumi -2, ko a cike da'irar.