Wa ya ce Nafada ƙauye ne?

Sani Ɗan Gongola: Salam jama'a. Wlh abin yana cin raina, yaran yanzu ba su san cewa ƙauyenmu Nafada ya taɓa riƙe sarautar Gombe gaba ɗaya ba, a 1913 Turawa suka ɗauke hedikwata daga Gombe Abba suka kawo ta Nafada saboda kogin Gongola, sai 1919 aka mayar da ita Doma wato Gomben yanzu. Shekara shida Sarki yana zaune a wajenmu amma yau ko allo babu da zai nuna wa baƙo inda aka yi wannan zama. Ya kamata mu tashi mu nemi a adana wuraren nan.

Adda Hauwa: Sani ƙauyen wa? Gyara bakinka don Allah. Garin da yake da Sarki da sakatariyar ƙaramar hukuma shi kake ce wa ƙauye a bainar jama'a?

Sani Ɗan Gongola: Adda ai ba raini nake nufi ba, maganar adana tarihi na kawo.

Adda Hauwa: A'a ka janye tukuna. Irin wannan ne ya sa in ka je tasha a Gombe ka ce Nafada za ka sai ka ga ana maka kallon ɗan daji, mu da kanmu muke ba su baki.

Usman Bajoga: Toh gsky ai bai yi ƙarya ba. Duk abin da kuke so na kirki Bajoga kuke zuwa saya, siminti ma a Ashaka ake yi, layin dogo ta wajenmu ya bi. In ba ƙauye ba mene ne?

Baffa Manu: Usman kai yaro ne. Lokacin da jiragen ruwa suke hawowa har Nafada da damina in kogi ya cika, kakana da bakinsa ya faɗa min yadda ake sauke gishiri da atamfa a bakin ruwa, jakuna a jere suna jiran kaya, fatake daga Barno suna kwana a gari. Bajogar taka ina take a lokacin?

Usman Bajoga: Baffa da girmanka, yaƙin Bormi na 1903 da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a ƙasar wa aka yi? Ƙaramar hukumarmu ta Funakaye ce fa. Kada a yi mana gorin tarihi.

Baffa Manu: Bormi daban Bajoga daban ɗana.

Malam Isa Ticha: Ku tsaya a kawo lissafi. Ƙidayar 2006 ta ba Nafada mutum sama da 130,000. Ƙauye ne yake da wannan adadin?

Usman Bajoga: Haba Malam, wannan ai na ƙaramar hukumar ce duka, har da Birin Fulani da Birin Bolewa da Barwo da Jigawa. Cire su ka ga abin da zai rage a cikin gari.

Malam Isa Ticha: To kai kawo naka lissafin mana.

Usman Bajoga: Ido ma ya isa.

Goggon Yara: Ni dai tunda an ambaci Birin Bolewa, ku daina magana kamar tarihin wajen nan da zuwan Turawa ya fara. Bolawa suna bakin kogin nan tun kafin Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, ya karɓo tutar jihadi, amma kullum sai a tsallake mu kamar ba ma nan.

Hamma Bello: Goggo ba wanda ya tsallake ku, an yi auratayya an zama ɗaya, kar a shigo da ƙabilanci group ɗin nan.

Goggon Yara: In na faɗi asalina shi ne ƙabilanci? In kun faɗi naku kuma tarihi ne ko?

Adda Hauwa: Ni har yanzu Sani bai janye ba fa.

Sani Ɗan Gongola: Ikon Allah, wai ba wanda zai ce komai kan allon da na ce a kafa?

Hamma Bello (Admin): Ya isa haka, zan rufe. Abin da muka fahimta a muhawarar nan shi ne kowa ya yarda asalin sarautar Gombe a Gombe Abba take cikin ƙasarmu ta Dukku, can Modibbo Buba Yero ya kafa gari kuma can kabarinsa yake, Nafada aron shekara shida aka ba ta aka karɓe. Don haka in za a nemi adana wani wuri to daga Gombe Abba za a fara. Maganar ƙauye kuma Usman ya fi hujja. Kar wanda ya sake turo komai a kai.

Adda Hauwa: Hamma wa ya yarda? Nuna min inda na yarda.