Zangon awa takwas a Barbados: in fita zuwa Oistins ko in zauna a filin jirgi?

Ɗan Fatake:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsibirin Barbados. A wata mai zuwa zan taso daga tsibirin Giranada bayan kammala wani aiki, zan sauka a filin jirgin sama na Grantley Adams da misalin ƙarfe 10 na safiyar Juma'a, jirgin Landan kuma sai 6:30 na yamma zai tashi. An ba ni labarin wani garin masunta mai suna Oistins da ke kusa, kuma ina so in san ko lokacin zai ishe ni in je in dawo hankali kwance. Tikitina biyu ne daga kamfanoni daban-daban, saboda haka akwatina yana hannuna.

Uwar Biyu:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fita, amma ka fara gyara lissafinka, domin ba awa takwas ke hannunka ba. Ka cire awa ɗaya na jami'an shige da fice da jiran kaya, ka kuma ƙudura cewa ƙarfe 3:30 za ta same ka a filin jirgi, tunda da rana manyan jiragen Ingila da Amurka kan taru kusan lokaci guda, layi kuma ya yi tsawo. Abin da ya rage maka awa huɗu ne da rabi, kuma sun ishi Oistins har da rara, don tafiyar ba ta wuce minti goma sha biyar a tasi ba.

Shagalin gashin kifi da garin ya yi suna a kansa na daren Juma'a ne, saboda haka zai wuce ka, amma ni na fi son garin da rana. Na yi irin wannan zango sau ɗaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kasuwar kifi, inda na daɗe tsaye gaban wata dattijuwa tana cire ƙayar kifin nan mai tashi sama da 'yar wuƙa, hannunta yana aiki, idonta yana kan maƙwabciyarta suna hira. Daga nan ka taka zuwa gadar da ta miƙe cikin teku, inda kunkurai kan taso idan masunta sun zubar da ragowar kifi. Wasu rumfunan abinci suna buɗe da rana, kuma idan ka ga an rubuta "dolphin" kada ka tsorata, ba dabbar tekun nan mai wannan suna ba ce, haka suke kiran kifin mahi-mahi. Sai dai ka tambaya kafin ka karɓi shinkafa da wake, domin wasu kan sa naman alade a girkin. Gaɓar Enterprise, wadda suke kira Miami Beach, tana nan kusa da ƙafa, tana kuma da inuwar itatuwa.

Malamin Tarihi:

Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ranar Juma'a ce, kuma ban so a bar wannan a baya ba. A Bridgetown, babban birnin ƙasar, akwai masallacin Juma'a a titin Kensington New Road, kuma yawancin Musulmin tsibirin 'yan asalin Gujarat ne ta Indiya. Daga filin jirgi tafiyar kusan rabin awa ce idan hanya ta yi kyau. Ka roƙi direba ya bi da kai ta babbar hanyar ABC, ka ga mutum-mutumin da aka kafa a 1985 don tunawa da 'yanta bayi, wanda jama'a ke kira Bussa, da sunan bawan nan ɗan Afirka da ya jagoranci tawayen 1816. Mutum ne tsaye, hannuwansa a sama, tsinkakkun sarƙoƙi na lilo a wuyan hannunsa, kuma duk ɗan Afirka ta Yamma da ya gan shi ya san cewa labarin ya shafe shi. Oistins ɗin ma tana da tarihinta, domin a nan aka sa hannu kan yarjejeniyar 1652, lokacin da magoya bayan sarautar Ingila a tsibirin suka miƙa wuya ga rundunar majalisar Ingila.

Uwar Biyu:

Malam, ban ƙi ba, amma kada ya haɗa gudu da susar ƙafa. Hanyar bakin teku daga Bridgetown zuwa Oistins kan cushe da yammacin Juma'a. Idan zai yi duka biyun, to masallaci tukuna, Oistins kuma ta zama hanyar dawowa, ya haƙura da shiga ruwa.

Mai Jakar Tafiya:

Ranka ya daɗe, ga wasu abubuwa da kan ɓata wa baƙo rana. Ka tabbatar da ƙa'idar shiga ƙasar ga mai irin fasfonka, ka kuma cike takardar shige da fice ta intanet kafin ka taso. Kada ka sa tufa ko ka riƙe jaka mai zanen kakin soja, domin dokar Barbados ta haramta wa farar hula, har da yara. Dalar Barbados biyu ce ke daidai da dalar Amurka ɗaya tun 1975, kuma ana karɓar ta Amurka a yawancin wurare, amma canji da tasu za a ba ka. Tasi ba su da mita, don haka ku tsayar da kuɗi tun kafin ka shiga, ka kuma tambaya ko da wace dala ake magana. Ƙananan motocin haya da ake kira ZR suna da arha, amma ba su dace da mai babban akwati ba. Gara ka ɗauki direba ɗaya na tsawon awannin, kayanka su zauna a motarsa, fasfo da kuɗi kuma a jikinka.

Ɗan Fatake:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bi tsarin da Hajiya ta kawo a ƙarshe: masallaci tukuna ta hanyar da Malam ya faɗa, sannan cin kifi a Oistins, in bar garin ƙarfe 3 daidai. Jakar bayana mai zanen soja ce, kuma yau zan nemi wata.