Idon Baba lafiya ƙalau, amma ya daina gane fuskokinmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah a sakaya sunana. A Jidda aka haife ni, a nan muke zaune da iyayena. Mahaifina shekarunsa 67, ya fi shekara talatin yana sana'ar tsire, wanda Larabawan nan ke kira siriya. Mutum ne da in ya gan ka sau ɗaya, ko bayan shekara biyar ka dawo zai ce maka, "Kai ne mai son yaji da yawa." Yana da hawan jini da suga, kuma gaskiya ba ya shan magani yadda ya kamata.

Yau kwana goma sha biyu, ya tashi da asuba da ciwon kai da jiri, ya ce yana gani hazo-hazo. Ya kwanta, kafin la'asar ya warware. Hannu da ƙafa lafiya, baki bai karkace ba, magana daram. Muka ce gajiya ce.

Washegari na kai masa shayi, ban yi sallama ba don na zaci barci yake. Ya ɗago ya dube ni, ya gyara zama, ya jawo hularsa ya sa, yadda yake yi in baƙuwa ta shigo. Ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Saura kaɗan kofin ya suɓuce mini. Na ce, "Baba, ni ce fa." Ina buɗe baki ya kira sunana, har yana mini faɗa wai me ya sa na tsaya shiru.

Tun ranar haka muke. Yana karanta Alƙur'ani da idonsa, yana ƙirga kuɗi, yana ganin allura a ƙasa. Amma in ba ka yi magana ba bai san kai ne ba. A masallaci ya wuce amininsa na shekara arba'in bai gaishe shi ba, mutumin ya yi fushi har yau bai leƙo mu ba. Yayana kawai yake ganewa daga nesa saboda ɗingishinsa, sai wani tsoho mai bille a kumatu. Kuma na lura yana yawan buge kafaɗarsa ta hagu da ƙofa.

Mun je shagon tabarau, an gwada shi, an ce idonsa ba matsala sai ɗan yana da ya fara. Dangi sun rabu biyu, wasu na cewa jifa ce daga abokan sana'a, wasu na cewa rikicin tsufa ne. Mama kuwa kuka take yi a ɓoye, wai bayan shekara arba'in da aure ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Wanne irin ciwo ne wannan? Ina za mu kai shi?

Wata ma'aikaciyar jinya, Makka:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki bar komai, gobe da safe ku kai Baba asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ba likitan ido ba. Ki faɗa musu ranar da abin ya fara da ciwon kai da jirin, ki ce yana gani amma ba ya gane fuska, kuma yana karo da abubuwa ta hagu. Za su nemi hoton ƙwaƙwalwa, MRI, su gwada faɗin ganinsa. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma labarinki ya yi kama da abin da muke kira jalɗa a nan, wato toshewar hanyar jini a ƙwaƙwalwa. Mutanenmu sun saba sai sun ga ɓarin jiki ya shanye ko baki ya karkace, alhali jijiyar jinin da ke ciyar da bayan ƙwaƙwalwa tana iya toshewa hannu da ƙafa su zauna lafiya, gani ne kawai zai taɓu. Gefen dama na ƙwaƙwalwa shi ke kula da abin da ke hagunmu, kuma shi ya fi ɗaukar aikin gane fuska. Kin ga yadda alamomin biyu suka haɗu.

Allurar narkar da gudan jini a cikin awa huɗu da rabi na farko ake yinta, wannan ya wuce. Abin da ake gudu yanzu shi ne jalɗa ta biyu. In ya sake jin jiri, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya yi nauyi, ku kira motar asibiti a lamba 997 nan take, kada a ce ya kwanta ya huta. Kuma don Allah ku karɓe makullin mota har a gwada shi.

Wani malamin kimiyya, Madina:

Allah ya ba Baba lafiya. Shawarar da ke sama ita ce ta farko. Ni zan yi magana ne saboda Mama, don kukanta ya taɓa ni.

Ido ba ya gane kowa, ɗiyata. Aikinsa ya tattara haske ya jefa shi a kan wani siririn labule da ke can cikinsa, hoton ma a kife yake sauka. Daga nan zaren jijiya fiye da miliyan ɗaya a kowane ido ke ɗaukar saƙon su kai shi ƙeya. A ƙeya ake fara warware shi: nan layi ne, nan gefe, nan launi, nan motsi. Sai saƙon ya rabu hanya biyu. Ɗaya ta yi sama, tana faɗa maka inda abu yake da yadda za ka miƙa hannu ka ɗauka. Ɗayar ta bi ta ƙasa wajen bayan kunne, ita ce ke cewa mene ne wannan, wane ne wannan. A kan wannan hanyar ta ƙasa akwai wani ɗan lungu da ya fi amsawa ga fuskar mutum, wanda Nancy Kanwisher da abokan aikinta suka bayyana a Amurka a 1997. In jini ya yanke wa wannan yankin, mutum zai ga ido biyu da hanci da baki tsaf, amma ba za su haɗu su ba shi mutum ɗaya da ya sani ba. Wani likitan Jamus, Joachim Bodamer, shi ya sa wa ciwon suna a 1947, bayan ya duba marasa lafiya da suka haɗa da wani matashi da harsashi ya raunata a kai. Likitocin nan suna ce masa amal wujuh, makantar fuska.

Kullum ina gaya wa ɗalibaina cewa Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya riga ya hango wannan. Ya ce ganin haske da launi daban, ganewa daban. Ganewa sai an gwada abin da ake gani da surar da ke ajiye a rai, ta hanyar alamomi, cikin saurin da mutum ba ya ma jin ya yi wani aiki. Ki gwada da kanki: ki juya hoton wani da kika sani ƙasa ta koma sama, za ki ga kin ɗan yi jim kafin ki ce wane ne, alhali babu abin da aka rage a hoton.

Ki faɗa wa Mama wannan. A 1984 da 1985 an yi gwaji da wasu masu wannan lalura, aka sa musu na'urar auna gumin fata, aka riƙa nuna musu hotuna. Bakinsu na cewa ban san wannan ba, amma fatarsu tana amsawa in fuskar ta wani nasu ce, ba ta yin haka ga baƙo. Ba kowane mai ciwon ne haka ba, amma ya nuna sanin bai gushe ba. Hujja ma tana gidanku: kina magana ya kira sunanki. Mai rikicin tsufa da ya kai ga manta 'yarsa, yawanci murya ba ta dawo masa da ita haka nan take.

Wata 'yar'uwa, Ɗa'if:

Ni da wannan ciwon aka haife ni, sai da na haura talatin na san yana da suna. An ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin hamsin yana da irin nawa. Na sha zagi, an ce girman kai gare ni, kishiyar yayata ta yi shekara ba ta kula ni don na wuce ta a biki. Ɗana na cikina, in na je ɗauko shi a makaranta, jakarsa nake nema.

Abin da zan ce miki, mu matan nan mun riga mun iya dabarar. Ke da kanki kina gane ƙawarki cikin niƙabi da baƙar abaya, daga tafiyarta da takalminta da yadda take riƙe jaka. To haka za ku koya wa Baba. Kowa ya yi sallama tun daga ƙofa ya faɗi sunansa. Kowa a gida ya riƙe alama ɗaya da ba ya canzawa, ke mayafi kala ɗaya, Mama turarenta ko awarwaronta. Masallaci ne zai fi ba shi wuya don kowa farar jallabiya, saboda haka yayanku ya riƙa tafiya a gefensa yana raɗa masa wane ne ke zuwa. Abu ɗaya na roƙe ku, kada ku riƙa yi masa jarrabawa, ku tsaya shiru a gabansa kuna cewa "Baba wace ce wannan?" An yi mini, yana da ciwo ƙwarai.

Wani dattijo, Jidda:

Yarinya, addu'a da ruƙiyya ku yi, babu mai hana ku, amma a mota kan hanyar asibiti. Maganar jifa kuma ku rufe ta, kada ku ɗauki alhakin maƙwabtan sana'arsa a kan zato. Aminin nan nasa, yayanki ya taka ya same shi har gida yau ɗin nan ya yi masa bayani. Mu tsofaffi abin da ya rage mana ke nan, gaisuwar bayan sallah.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun je. Hoton ya nuna jalɗa ce a bayan ƙwaƙwalwa ta dama, kuma wani yanki na ganinsa ta hagu ya tafi, shi ya sa yake buge ƙofa. An kwantar da shi kwana uku, an canza masa maganin hawan jini, an ƙara na hana jini daskarewa. Likitan ya ce a watannin farko wasu suna samun sauƙi, amma bai yi mana alkawari ba.

Na karanta wa Mama abin da Malam ya rubuta, sau biyu ta sa na maimaita wurin gumin fata. Aminin Baba ya zo asibiti da dabino, tun daga bakin ƙofa ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da na garinsu, Baba ya miƙa masa hannu biyu.

Saura jikarsa 'yar shekara huɗu. Ta saba ta faɗo masa a jiki da gudu ba magana, jiya ya tambayi 'yar wace ce, ta ɓuya bayan labule ta ƙi cin abinci. Muna koya mata ta ce "Kaka, ni ce" tun daga zaure, amma tana mantawa. 'Yar'uwa ta Ɗa'if, yaya kika yi wa naki ɗan bayani lokacin yana ƙarami?