Abin da masu jinyar sankarar mama suka ce suna buƙata

A zaman da muka yi da wasu mata, ciki har da masu jinyar sankarar mama da waɗanda suka warke, an fara da batun ɗan ƙyallen nan mai ruwan hoda da ake maƙalawa a riga duk watan Oktoba. A Amurka ya samo asali, farkon shekarun 1990. An yarda yana tuna wa mata su je a duba su, kuma ba ƙaramin abu ba ne, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata miliyan 2.3 aka gano suna da cutar a 2022. Amma wata baiwar Allah ta ce ƙyalle bai taɓa biya mata kuɗin mota zuwa asibiti ba.

A nan hirar ta yi zafi. Abin da suka fi so shi ne mai rakiya ranar ƙarin ruwan magani, da wanda zai ɗebo yara daga makaranta. Idan za a kawo abinci, a rage mai da yaji. Ƙamshin soye-soye kaɗai kan tayar musu da zuciya. Wata ta ce ɗankwali mai laushi da ƙanwarta ta kawo mata lokacin da gashinta ya zube ya fi mata duk wani "sannu".

Sun roƙi masu zuwa dubiya su daina ba da labarin wance da cutar ta kashe, su daina tallar jiƙe-jiƙen da ke jinkirta zuwa asibiti. Maigida kuwa, ko bai ce komai ba, ya zauna kusa.