Neman kujerar maki a jiragen abokan ƙawance: daga Legas zuwa Jidda

Bafatake_Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tikitin jirgi. Shekara huɗu ke nan ina zirga-zirga tsakanin Legas da Guangzhou wajen saro kayan shago, kuma kusan kullum jirgin Ethiopian Airlines nake bi ta Addis Ababa, saboda haka makin da na tara a asusuna na ShebaMiles, wato tsarin makin da kamfanin ke ba fasinja a kan kowace tafiya, ya kai adadin da a lissafina zai ishe ni tikiti biyu zuwa Jidda. Burina shi ne in kai mahaifiyata Umara a watan azumi mai zuwa, kuma da so samu ne a goman ƙarshe.

An shaida mani cewa tunda kamfanin yana cikin ƙawancen Star Alliance, ina iya kashe makin a jirgin EgyptAir ta Alƙahira ko na Turkish Airlines ta Istanbul. Abin da ya ɗaure mani kai shi ne, idan na duba tikitin kuɗi sai in ga kujeru birjik a ranar da nake so, amma da zarar na nema da maki sai in tarar babu ko ɗaya. A ina ake ganin kujerun da maki ke iya saye, kuma yaushe ya kamata mutum ya fara nema? Allah Ya saka da alheri.

Mai_Tikiti_Ikeja ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya cika wa Hajiya burinta. Abin da ka gani ba kuskuren na'ura ba ne, haka tsarin yake. Kujerar da babu kowa a kanta daban, kujerar da aka ware wa masu maki daban. Kamfanin jirgi yana kasa kujerun kowane jirgi zuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da harafinsa da farashinsa, ko da yake a zahiri kujerun iri ɗaya ne. A Star Alliance an saba amfani da harafin X ga tikitin maki na ajin ikonomi, I ga na ajin bizines, O kuma ga ajin farko. Idan kamfanin da ya mallaki jirgin bai saki ko kujera ɗaya a rukunin X ba, to ko jirgin rabinsa wayam yake, makinka ba zai saya maka komai a cikinsa ba. Kuma mai jirgin ne ke yanke wannan hukunci, ba wanda ka tara maki a wurinsa ba. Shi naka kamfanin abin da aka nuna masa kawai yake iya sayar maka.

Dalili kuwa a bayyane yake ga ɗan kasuwa irinka. Abin da abokin ƙawance ke biyan mai jirgi a kan kujerar maki bai kai kuɗin tikiti ba, don haka kujerar da yake kyautata zaton za ta yi kwantai ita yake saki. A goman ƙarshe na azumi kuwa, kujerar Jidda ba ta kwantai.

Game da wurin dubawa, shawarata ita ce ka buɗe asusu kyauta a MileagePlus na kamfanin United da kuma Aeroplan na Air Canada. Ba sai kana da maki ko ɗaya a cikinsu ba, domin ba saye za ka yi a can ba, leƙe kawai za ka yi. Shafukansu suna nuna kujerun da mambobin ƙawancen suka saki, kuma suna ba ka damar duba ranaku da yawa a jere. Galibi kujerar EgyptAir ko Turkish da ta bayyana a waɗannan shafuka biyu ita ce wadda sauran mambobi ma suke gani. Sai dai ka kula da abu biyu. Na farko, Aeroplan yana da abokan hulɗa na ƙashin kansa waɗanda ba 'yan Star Alliance ba ne, kamar Emirates, wanda ba ya cikin kowane ƙawance daga cikin manyan ukun. Idan ya nuna maka hanyar Dubai, wannan ba taka ba ce. Na biyu, adadin makin da za ka gani a can farashinsu ne, ba naka ba. Kai jadawalin ShebaMiles ne zai yi aiki a kanka, kuma ba a ɗauke maki daga asusun wannan kamfani a zuba a na wancan don kawai suna ƙawance ɗaya.

Sannan kada ka tsaya ga rubuta Legas zuwa Jidda kai tsaye. Ka bi tafiyar zango-zango: LOS (Legas) zuwa CAI (Alƙahira) da kansa, sannan CAI zuwa JED (Jidda), haka ma LOS zuwa IST (Istanbul), da LOS zuwa ADD (Addis Ababa). Ta haka za ka gane wane zango ne ya toshe. Sau da yawa dogon zangon da ya tashi daga filin Murtala Muhammed yana da kujera, gajeren nan na kimanin awa biyu daga Alƙahira zuwa Jidda shi ne ya cika, alhali a wannan hanya ana tashi fiye da sau ɗaya a rana, ƙila na dare yana da gurbi idan na safe babu. Amma bayan ka samu kowane zango, ka sake dubawa a haɗe, domin wasu kamfanoni suna ɗaure zango biyu wuri ɗaya: kujera za ta fito idan an nemi zangon shi kaɗai, ta ɓace idan an haɗa shi da wani, ko kuma akasin haka. Idan ta tabbata, ka rubuta lambar jirgi da rana da lokaci na kowane zango, ka miƙa wa ma'aikacin kamfaninka su ɗaya bayan ɗaya, maimakon ka ce masa ya nemo maka hanya.

Hajiya_Idi-Araba ta amsa:

Malam mai tikiti ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai zan ƙara abin da ya taɓa faruwa da ni, domin kada Alhaji ya faɗa irinsa. Shekarun baya na ga kujeru biyu a wani shafi, ranar da nake so da jirgin da nake so, amma makina ya gaza da kaɗan. Cikin ɗoki na sayi cikon makin da dala, na dawo in kammala, sai shafin ya yi ta mayar da ni baya. Da na kira, aka ce mani kujerun tuni an ɗauke su, abin da na gani tsohon bayani ne da bai goge ba. Kuɗin makin kuwa ba a mayarwa. Tun daga ranar ba na yarda da kujera sai na gan ta a wuri biyu daban-daban, kuma ba na sayen maki sai ma'aikaci ya tabbatar mani da bakinsa cewa yana ganinta a tasa na'urar.

Abu na biyu, tikitin maki ba kyauta ba ne baki ɗaya. Harajin filin jirgi yana nan, kuma wasu kamfanoni suna ɗora kuɗin da ake kira na mai, wanda a takardar tikiti yake fitowa da alamar YQ. United ba ya karɓar wannan kuɗi a tikitin maki, Aeroplan ma ya daina tun 2020, don haka ƙaramin kuɗin da za ka gani a shafukansu kada ya ruɗe ka. Ka tambayi naka kamfanin jimillar da za ka biya kafin ka amince. Ka kuma tanadi katin da zai iya biyan kuɗin waje, domin mu a nan mun san yadda katin naira ke yi wa mutum a daidai lokacin da yake gaggawa.

Ni da zan ba ka shawara ta 'yar uwa, da na ce ka duba Madina. EgyptAir da Turkish duka suna sauka a can, lambar filin MED ce, kuma mutane da yawa ba sa tunawa da ita saboda bakinsu ya saba da Jidda. Ku fara da ziyara, Hajiya ta huta kwana biyu ko uku, sannan ku hau jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, ya kai ku Makka. Ga dattijuwa ma wannan ya fi sauƙi a kan ta sauka daga doguwar tafiya da harami a jikinta ta wuce ɗawafi. Hanyar Istanbul kuwa zagaye ce, kusan awa bakwai kafin ma a yada zango, ga filin jirgin da girma. Idan ita ce ta samu, ka nemi a rubuta mata keken guragu tun lokacin yanka tikiti.

Malam_Obalende ya amsa:

Alhaji, tambayarka ta biyu ba a amsa ta sosai ba, wato batun lokaci. Kamfanoni suna buɗe jadawalinsu ne tun saura wata goma sha ɗaya zuwa shekara guda, kuma kujerun maki suna fitowa a lokuta biyu: farkon buɗewa, da kuma makonni biyu na ƙarshe, lokacin da kamfani ya ga abin da ya rage bai sayu ba. Kaɗan ne suke yin alkawari a fili. British Airways, alal misali, yana buɗewa saura kwana 355, kuma ya yi alkawarin aƙalla kujeru 14 na maki a kowane jirginsa mai dogon zango na filin Heathrow da ke Landan, 8 a ikonomi, 2 a ajin da ke sama da shi, 4 a bizines. Mafi yawan kamfanoni ba su ɗaure kansu da irin wannan ba.

Ga wanda zai tafi shi kaɗai da jaka ɗaya, jiran makonnin ƙarshe dabara ce mai kyau. Ga mai tafiya da uwa, ga biza, ga masauki a Makka cikin goman ƙarshe, ni ban ga hikimarsa ba, domin farashin ɗaki ba zai jira ka ba. A nan ne zan ɗan saɓa wa masu ƙarfafa maka gwiwa. Idan ka duba na mako biyu ko uku ba ka samu ba, kada ka matsa. Ka sayi na Umara da kuɗi, ka ajiye makin ga tafiyarka ta Guangzhou, wadda kai ke zaɓar ranarta kuma kana iya kauce wa lokacin baje kolin Canton da ake yi a can cikin Afrilu da Oktoba. Kuɗin da ka tsira da shi a can shi ne ya biya maka na nan, aljihun dai ɗaya ne. Ka kuma tambayi kamfanin da zai yi maku bizar Umara ko yana karɓar mai zuwa da tikitinsa, domin wasu a dunƙule suke sayar da biza da masauki da tikiti.

Akwai kuma hanya ta tsakiya. Ka gwada neman kujera ɗaya maimakon biyu, saboda idan guda ce ta rage, wanda ya nemi biyu ba za a nuna masa komai ba. In ta samu, Hajiya ta tafi da maki, kai ka sayi naka a jirgin guda. Haka nan ka duba tashi daga Abuja ko Kano, tunda Ethiopian da EgyptAir suna zuwa duka biyun. Sai dai tikitin cikin gida zai zama daban, kuma idan ya makara babu wanda zai ɗauki alhakin jirgin da ya tafi ya bar ku, don haka a kwana a can ya fi.

Bafatake_Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jiya da dare na bi tafiyar zango-zango kamar yadda Malam mai tikiti ya ce. A goman ƙarshe babu komai, amma a makon farko na azumi na ga kujeru biyu zuwa Madina ta Alƙahira, kuma sun fito a shafukan biyu. Na yi wa Hajiya bayani, ta ce ita Umarar azumi take so, ba ta sa wa ranta rana ba. Saura dawowa, wadda har yanzu kujera ɗaya nake gani. Shin in kama na tafiya yanzu, ko in jira su haɗu?

Mai_Tikiti_Ikeja ya amsa:

Ka kira kamfaninka yau, Alhaji, ka tambaye su abu uku: ko suna yanka tikitin zuwa kawai a jirgin abokin ƙawance, ko ƙa'idarsu ta yarda ka kashe makinka a kan mahaifiya ba tare da wata rajista ba, da kuma abin da ake cirewa idan an canza rana ko an soke. Idan zuwa kawai yana yiwuwa, ka kama biyun nan, ka ɗauki guda ɗayan ta dawowa da sunan Hajiya, kai ka ci gaba da leƙawa ko ka saya. Sunanta ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi, domin gyaran suna a tikitin da ya ratsa kamfani biyu yana da wahala.

Bayan an gama, kada ka wadatu da lambar ajiye kujera mai haruffa shida. Ka nemi lambar tikiti mai alƙaluma 13, wadda za ta fara da 071 tunda Ethiopian ne ya fitar da ita, ko da yake a jirgin EgyptAir za ku zauna. Ka kuma karɓi lambar ajiyar da EgyptAir ɗin ke gani a nasa ɓangaren, wadda tana iya bambanta da ta farko, ka shiga shafinsa ka ga sunayenku da idonka, sannan ka zaɓa wa Hajiya kujerar gefen hanya kusa da taka.